Kwalbar da Kaka Ta Ce Wofi Ce

Abubuwa da yawa sun same mu a shekarun nan na wahala. Wasu da gangan nake ture su daga raina, wasu kuma da kansu suka dusashe. Amma wannan ɗin, ko da zan kai shekarun kakata, ba na jin zai bar ni. Wata ranar Juma'a ce da hantsi. Ina tsugune a bakin rijiya ina wanke-wanke, Kaka tana zaune a tabarma, ta ce wa Inna, mahaifiyata, ta miƙo mata jaririyar ƙanwata ta sa mata kwalli tunda ta farka. Ta ɗora wata 'yar kwalba a gwiwarta tana murza murfin, sai rana ta haska farar takardar da ke manne a jikin kwalbar. Daga inda nake na hango ƙananan baƙaƙen Turanci, irin rubutun inji. Na dakata da wanke-wanken. A duk gidan nan abu ɗaya na sani mai irin wannan rubutun, kuma ba a ɗakin Kaka aka ajiye shi ba, cikin firiza yake.

Bari in koma baya kaɗan don a gane inda muka fito. Mu mutanen Darini ne. Da zaman ƙauye ya gagara, muka tattaro abin da ya sauwaƙa muka dawo cikin Batsari, gidan kawuna, yayan mahaifiyata, wanda malamin firamare ne. Babana ya wuce Kudu neman abin da za mu ci. Ni kuwa na gama sakandare ke nan, ina zaune ina jiran abin da Allah zai yi. Matar Kawu tana da firiza mai aiki da sola, da shi take yin ƙanƙara da zoɓo, ni kuma ina taya ta ƙullawa. A unguwarmu firizan nan kamar na kowa ne. Wannan ta kawo nama a ajiye mata, waccan ta kawo maganin tsohonta, ba a hana kowa.

Babban ɗan Kawu, wanda muke kira Yaya, likitan dabbobi ne, yana ƙarin karatu a jami'a. Bincikensa a kan murar tsuntsaye yake, yana bin kajin gida yana ɗibar jininsu. 'Yan kwanaki kafin Juma'ar nan ya zo da wata kula mai ƙanƙara. Ya ce saƙo ne da ya daɗe yana jira daga ƙasar waje, ya iske shi a Katsina a ranar da zai taho gida, ba halin komawa makaranta da shi. Ya ciro wani ɗan kwali daga kular ya tura can ƙasan firiza, ya ce da mu duka, "Don Allah kayan aikina ne, kada a taɓa." Washegari ya tafi Safana wurin kaji. Kawu ma ya tafi Katsina, ana tantance malamai. Gida ya rage sai mu mata.

A lokacin kuma an kashe sabis na waya a duk yankinmu saboda sha'anin tsaro. Wayar hannu ta koma fitila da agogo. Wanda ya fita, sai dai ka bi shi da addu'a har ya dawo.

Kaka mace ce da ba ta wasa da kwalli ranar Juma'a. Tun muna ƙauye, in gari ya waye sai ta jera mu ta zizara wa kowa, ta ce idon da ba kwalli kamar ɗakin da ba a share ba ne. Ranar da muka baro Darini a gaggauce, tandun kwallinta na fata, wanda ta gada wurin uwarta, a can aka bar shi rataye. Tun daga nan a ƙullin leda take ajiye kwalli, kullum yana zubewa, kullum tana mita. Ga shi kuma a shekarun nan ba a yar da komai. Gwangwanin madara ya zama ma'auni, robar ruwa ta zama ta man gyaɗa, kwalbar magani a wanke a zuba turare. In ka ga mazubi ba komai a ciki, to rabonka ne. Da safen nan ta sa mini kwalli, ta sa wa kanta. Ni kuwa idona a sama yake tana zizarawa, ban lura da inda take tsoma tsinken ba.

Na tsame hannuna daga ruwan wanke-wanke na nufo ta. Na ce, "Kaka, dakata. Ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Mi? 'Yar kwalbar ga? Cikin injin ƙanƙara. Na je ɗaukar ruwan sanyi na ga yaron nan ya cika kwali da kwalabe ba komi ciki."

"Ba Yaya ya ce kada a taɓa ba?"

"Kayanshi ya ce kada a taɓa, ni kuwa ban taɓa mashi kaya ba. Wofi na ɗauka. Sai da na ɗaga ta a rana na duba, na hura, na sunsuna. Ke ɗiyar nan, kin taɓa ganin murfi mai kyau irin wannan? Har da zoben roba ciki, ko iska ba ta shiga."

Na karɓi kwalbar. Ta roba ce, ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, gindinta a tsuke. Kwalli ya ɓata gefen takardar amma ana iya karantawa. Kalma ta farko da idona ya sauka a kanta ita ce infuluwenza, kusa da ita an rubuta H5N1. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, an ce don bincike kawai, ba don amfani a jikin mutum ba. Na san wannan sunan. A ajinmu na ƙarshe malamin kimiyya ya rubuta mana shi a allo, ya ce ita ce murar da ke ƙarar da kaji a gona guda, kuma in ta tsallako jikin mutum ba ta cika barinsa ba. Har ya ce ta hanci take shiga, da baki, da ido. Wannan "da ido" ɗin shi ya dinga yi mini amsa-kuwwa a kunne.

Na ce da Inna ta koma ɗaki da jaririyar, ta rufo ƙofa. Muryata ce ta tsorata ta, don ba ta tambaye ni komai ba sai da ta shige. Ta tagar ɗaki na yi mata bayani. Na ji ta tana salati a hankali.

Abin da na yi bayan nan, yanzu in na tuna sai in girgiza kai. Na ɗebo ruwa na wanke idona da sabulun wanki. Na ga kamar bai isa ba, na jiƙa gishiri na ƙara. Na murza, na murza, har sai da na daina ganin bangon gida sosai. Na ce Kaka ma ta zo ta wanke, ta ce ita ba ta ɓata kwalliyar Juma'arta don an rubuta Turanci a jikin roba.

Ta ce, "Wai 'yar boko, cutar tana ina? Nuna mani ita. Na ce maki da idona na duba."

Na ce, "Kaka, ba a ganinta da ido."

"To ke da mi kika gan ta?"

Kuka kawai ya zo mini.

Matar Kawu ta ce a tafi asibiti. Nan muka yi cirko-cirko, kowa na tuna abu ɗaya. Ba a daɗe da fita daga zamanin korona ba, mun ji yadda ake zuwa da mota a ɗauki mutum a killace shi, a rufe gida. Sannan lokaci ne da kowa ke zargin kowa. In magana ta fita cewa ɗan gidan malam ya shigo da cuta cikin kwalba ya ɓoye a firizan da rabin unguwa ke shan ƙanƙararsa, wa zai tsaya ya saurari bayani? Ita ma matar Kawu, uwarsa, da ta kawo shawarar, da ta hango haka sai ta janye ta. Ta kashe cinikin ranar, ta ce wa yaran da ke zuwa saye firiza ya lalace. Aka tsaya a kan a fara jin ta bakin Yaya. Amma ba waya, kuma rana ta riga ta yi nisa, ba mai kama hanyar Safana a irin wannan lokacin. Sai dai gobe.

Na kwashi tabarma na koma ɗakin ajiyar hatsi, wanda dama ba wani hatsi a ciki. Na lalubo tsohon takunkumin fuska na ɗaura. Aka dinga ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Kaka ce ta ƙi zama wuri ɗaya, da ƙyar aka shawo kanta ta daina ɗaukar jaririya. Kafin la'asar idona ya yi jajir ya kumbura, yana ruwa. Na ce shi ke nan cutar ta fara. In na haɗiyi yawu sai in saurara ko maƙogwaro na ciwo. In na ji ɗumi a wuyana sai in ce zazzaɓi ne.

Amma wani abin mamaki, a cikin wannan tsoron akwai tambayoyin da suka hana ni sakat. Kwalbar tana gabana, na ƙulle ta a leda kan leda, ina ta juya ta ina karantawa ta cikin ledar da ido ɗaya. Akwai kalmar furotin a jiki. Furotin dai a makaranta mun san shi a wake da ƙwai da nama, kuma an ce da shi aka gina jikin duk wani mai rai. To furotin na mura kuma fa? Akwai wata kalma doguwa da ban taɓa gani ba, da wata da ke nuna kamar haɗa abin aka yi. Wa ke zama ya haɗa cuta? In kuma cutar ce da gaske, yaya aka yi aka bar ta ta hau jirgi, ta bi mota, ta zo har Batsari cikin kula kamar kifi? Kuma Yaya, mutumin da ko reza ya gani a ƙasa sai ya ɗauke don yara, shi zai sa mutuwa kusa da zoɓon uwarsa? Sai in ji hankalina ya ɗan kwanta. Can kuma sai in tuna ai ya ce kada a taɓa, kuma an rubuta ba don jikin mutum ba, sai komai ya dawo sabo. Haka na yi ta kai da komowa har gari ya waye.

Da safe na ce zan tafi Safana. Inna ta ce ba inda zan je ni kaɗai. Kaka ta fito da mayafinta a kafaɗa, ta ce, "Ni na sa mata, ni za ni kai ta. In mutuwa ce mu mutu a hanya tare, in kuma ba ita ba ce in ja kunnen yaron nan." Ba mai iya musu da ita. Inna ta tsaya daga nesa, jaririya a bayanta, ta ce, "Allah ya tsare, ya sa ku ji alheri." Na so in rungume ta, ban yi ba.

An hana hawa babur a lokacin, don haka sai da muka daɗe a tasha kafin wata tsohuwar mota ta cika. Na roƙi direba ya bar ni in zauna a bakin taga. Na juya fuskata waje, takunkumi a baki, na ja hijabi na rufe idon. Wata mata da ke kusa da ni ta leƙo ta ce, "Sannu 'yan mata, afolo ne?" Na gyaɗa kai. Kaka ta ce, "Afolon Turanci ne, a takarda ta karanto shi." Matar ta yi dariya ba tare da ta gane ba. Ni kuwa numfashi ma a hankali nake fitarwa, ina lissafin mutanen da ke cikin motar da iyalansu.

Hanyar kanta abin tsoro ce a shekarun. Gonaki a gefe an bar su, dawa ta bushe a tsaye ba mai girbi. In aka zo inda daji ya matso bakin titi sai direba ya taka mota, ka ji tsofaffi na jan addu'a. An tsayar da mu a shingen jami'an tsaro, aka duba but ɗin motar, aka kalli fuskokinmu. Kwalbar na cikin lalitar Kaka. Na yi ta addu'a kada a ce a buɗe. Yau in na tuna sai in ga ikon Allah: duk motar tsoron abin da ke cikin daji suke, ni kaɗai nake tsoron abin da ke cikin motar.

A Safana ba mu sha wahalar samunsa ba. Muna tambayar likitan kaji aka nuna mana wata makarantar firamare inda mutanen da suka taso daga Babban Duhu da Tsaskiya suke zaune. Da yawa ba su tsira da shanu ba, amma mata sun taho da kajinsu a akurki da kwando. A gindin wata bishiyar darbejiya muka hango shi zaune a benci, safar roba a hannu, mata sun yi layi kowace da kaza a hammata. Wata na riƙe masa kazar, shi kuma ya ɗaga fiffike ya soka 'yar allura ya zuƙi jini kaɗan. Wata tsohuwa na ta yi masa ciniki wai tunda ya ɗebi jini to ya yi wa kazar allurar ƙarfi.

Ya ɗago ya gan mu, fuskarsa ta canza. A lokacin in ka ga naka ya biyo ka ba sanarwa, rasuwa kake fara kawowa. Ya taso da sauri. Na ja da baya na ɗaga masa hannu.

Na ce, "Yaya, tsaya nan, kada ka matso."

Ya ce, "Lafiya? Wa ya rasu? Me ya samu idonki?"

Kaka ta ce, "Kowa lafiya lau. Ka gaishe ni tukuna, marar kunya."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa a tsanake, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi kwanan baƙunta, ni kuwa ina tsaye kamar in faɗi. Sai da ta gama sannan ta kwance lalita ta miƙa masa ƙullin ledar. Ya warware. Ya ga kwalbarsa cike da baƙin kwalli. Ya kalle ta, ya zauna a ƙasa a wurin, ya dafe goshi. Wannan zaman nasa shi ya fi komai tsorata ni, na ce lallai abin ya tabbata. Ashe shi watannin da ya yi yana jiran saƙon yake tunawa.

Na ce, "A ido ta sa mini. Ita ma ta sa. Yaya, ka gaya mini gaskiya, kwana nawa take yi kafin ta kwantar da mutum?"

Ya ɗago ya dube ni, sai a lokacin ya lura da takunkumin da nisan da na ba shi. Ya ce, "Wai ke tun jiya a haka kike? Kina zaton cutar ce a ciki?" Ya miƙe ya cire safar hannunsa, ya tako har gabana, ya sa hannu ya sauke mini takunkumin. Ya ce, "Babu ƙwayar cuta a cikin kwalbar nan. Ba a taɓa sa ta ba. Zo ki zauna."

Ban yarda nan take ba. Na ce ai ga sunanta a rubuce. Ya ce sunan gaskiya ne, amma ba ita ba ce, wani ɗan yanki ne na jikinta. Ya tsinci tsinke ya zana da'ira a ƙasa, ya yi mata ƙayoyi a kewaye. Ya ce ƙwayar murar haka take, ƙayoyin nan da su take maƙalewa a jikin kaza ko mutum, amma abin da ke sa ta hayayyafa yana can ciki. Abin da aka aiko masa ƙayar ce kawai.

Ya juya ga Kaka ya ce, "Kaka, in na kawo miki ƙahon sa na ajiye a tsakar gida, zai tunkuyi wani?"

Ta ce, "In ba san, wa zai yi tunkuyin?"

"Zai haifi ɗan maraƙi?"

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Ni kuma na ce, to ai sai an kama san kafin a cire ƙahon, ke nan daga jikin cutar aka ciro, wa ya san ko wata ta maƙale? Ya yi murmushi ya ce tambayar da shi ma ya fara yi wa malamarsa ke nan. Ya ce a nan ne misalin ya gaza, don wannan ƙahon ba a jikin sa ya tsiro ba. Masana sun riga sun karanta tsarin halittar ƙwayar, sun san wurin da ke bayanin yadda ake gina ƙayar. Wannan wurin kaɗai suke kwafa, su sa shi cikin wasu ƙwayoyin halitta da ake reno a kwalba a ɗakin bincike, waɗanda aka yi nasa da su ma na jikin ƙwaro ne. Su kuma su yi ta ƙera ƙayar ba tare da sun san ta mece ce ba. Sai a tace, a busar, a zuba a 'yan kwalabe. Abin da ke cikin kowace bai kai ƙurar da ke kan farce ba, shi ya sa Kaka ta ɗaga a rana ba ta ga komai ba.

Ina jin haka tsoron ya fara sakina, sai son sani ya maye wurinsa. Na ce to me ake yi da ƙaya ba cuta? Ya nuna mini 'yan kwalaben jinin da ya tara a kula. Ya ce jikin kaza, kamar na mutum, in ya taɓa haɗuwa da cuta yakan tanadi dakarun da suka san kamanninta. In ya koma makaranta zai shafa ƙayar a gindin wani faranti mai ƙananan ramuka, ya ɗiga ruwan jinin kowace kaza a raminta. Wadda ta taɓa gamuwa da murar, dakarunta za su kama ƙayar su riƙe, sai ruwan ramin ya canza launi. Da haka za a san ko cutar ta ratsa garuruwanmu ba a sani ba, ba tare da an kawo ita kanta kusa da kowa ba. Ya ce don a guje wa taɓa mai haɗarin ne ma aka ƙirƙiro wannan.

Na ce, "To me ya sa aka rubuta ba don jikin mutum ba?"

Ya ce, "Don ba magani ba ne, ba a kuma shirya shi da tsabtar abin da za a sa wa mutum ba. Kayan ɗakin bincike ko ruwa ne ba a sa shi a ido. Ni ma da laifina, da na zauna na yi muku bayani maimakon in ce kada a taɓa in wuce."

"Idona fa?"

"Me kika sa masa?"

Na gaya masa. Ya riƙe baki. Ya ce sabulun wanki da gishiri ko a idon jaki aka zuba sai ya yi ja. Duk da haka bai tsaya a maganarsa ba, ya kai ni wani aji da aka mayar wurin duba marasa lafiya, inda wata ma'aikaciyar lafiya ke zaune. Ya yi mata bayani, ta karanta takardar kwalbar da kanta, ta gwada zafin jikina, ta buɗe idon ta haska. Ta ce ba abin da ya same ni sai murza, ta ba ni maganin ɗigawa, ta ce in bar idon ya huta. Sannan ta dubi Kaka ta ce, "Iya, in ma akwai abin tsoro a kwalbar nan to kwallin ne. Irin wannan na dutse yakan zo da dalma, a daina sa wa jarirai." Kaka ta kawar da kai ta ce ita dai yau ta ga ta kanta, jiya an ce kwalba, yau an ce kwalli.

Ana kiran sallar azahar a masallacin bakin makarantar lokacin da ma'aikaciyar ta dafa kafaɗata ta ce, "Je ki gida ki ɗauki ƙanwarki, ba ki ɗauke da komai." Na zauna a dakalin ajin na yi kukan da ban san ina da shi ba, maganin ido na bin kumatuna. Mata masu kaji suka kewaye ni suna ba ni haƙuri, sun ɗauka rasuwa aka yi mini. Ni da na yi kwana ina gudun numfashina ya taɓa mutum, sai ga ni a tsakiyar hannuwan mutanen da ban sani ba, ban kuma janye jikina ba.

Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na ga ƙaramar kwalba mai farar takarda sai in tsaya cak kafin hankalina ya dawo. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, iya karanta sunan abu ba shi ne sanin abin ba. Karatuna ya kai ni in gane kalmar da ke jikin kwalba, bai kai ni in san me ke ciki ba, kuma a wannan ɗan tsakanin na kusa lalata idona da hannuna. Tun daga nan, in na ci karo da abin da ya fi ƙarfin sanina, ba na cewa ba komai, ba na kuma yanke wa kaina hukunci. Ajiye shi nake yi yadda na same shi, in nemi wanda aikinsa ne, in yi ta tambaya har sai na gane, ko da kuwa zai gaji da ni.